Fitila Biyu a Filin Dambe

Zamanin farar hula ta biyu, da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, ina da ɗan shagon hoto a Bodinga. Fim ya yi wuya, batir ya yi wuya. Taurin kai ne kawai bai yanke mini ba.

Mu mahauta ne, dambe gadonmu. Yayana ya ce da kaka zai yi dambensa na ƙarshe a garin Shagari. Shekara da shekaru yana ka da maza, amma ba shi da hoto ko ɗaya a cikin fili. Abin nan ya tsaya mini a rai.

Manyan 'yan dambe ba sa shiga sai rana ta yi ja. Fitilar kan kyamara ba ta isa, sai da ta biyu a tsallaken fili, su haska tare. Na roƙi sarkin dambe ya bar ni in ja waya a ƙasa tsakanin fitilun.

"Waya cikin hilin dambe? Ko zare ba a gittawa nan. In wani ya faɗi, sai a ce asiri anka binne."

"Ranka ya daɗe, in babu waya fa?"

"In ka iya, bismilla."

'Yan fadarsa suka kwashe da dariya. Wallahi dariyar ta ƙona ni.

Na ciro wani ɗan ido mai jin haske daga matacciyar kyamara, na tafi wurin mai gyaran rediyo. Na ce ina so idon nan in ya ga walƙiyar fitilata ya tayar da ta biyu. Ya ce wanga aikin Turawa ne. Na ce Turawan kai biyu gare su? Muka ƙona kayan rediyo har na daina lissafi. Da idon ya fara aiki kuma, ko rana ya gani sai ya harba. Sai na cusa shi cikin gwangwanin madara, bakin yana kallona ni kaɗai.

Ranar dambe na ɗaure fitila ta biyu da gwangwanin a kan gora a tsallaken fili. Kalangu ya ɗau zafi, Yaya ya shiga da wani saurayi ɗan Mandera. Na ga Yaya ya ɗaga hannu, na danna. Fitilu biyu suka haska tare! Sai dai saurayin ya riga shi. Yaya ya tafi ƙasa.

Hoton ya fito tas: dunƙule a muƙamuƙi, gumi a iska, gwiwa ta lanƙwashe. Dangi suka ce haskena ne ya kashe masa ido, in ƙone abin kunyar. Na ce sai dai a ƙone ni. Na kai wa Yaya hoton.

Ya daɗe yana kallo.

"Ba haskenka ba ne, ƙanena, tsufa ne. Amma duba nan. Ina faɗuwa, hannuna bai sauka ba. Ka yo man babba, ka manna a rumfar nama."