Keken Murna a Kan Sanda

Idan ka biyo bakin babban kanal daga Kura za ka Bunkure, kafin ka kai ƙauyenmu za ka hangi wata jar tuta a kan doguwar sanda, tana juyawa duk inda iska ta nufa. In ka ƙara gaba kuma kana iya cin karo da wata mata gajeriya, da fartanya a kafaɗa, tana tafiya da sauri fuska a ɗaure. Kada ka wahalar da kanka ka ce za ka rage mata hanya, ba za ta hau ba. Ita ce Murna, wadda muke kira Maman Godiya. Gonarta da tawa kunya ɗaya ce tsakani, don haka abin da zan faɗa a kanta ba labari aka ba ni ba.

A gidan Maguzawa aka haife ta, inda mata ke noma tun kaka da kakanni. Tana yarinya mahaifinta ya shiga coci da iyalinsa, amma kakarta, wata tsohuwa mai bori, ta ce ita ta tsufa da sauya hanya, kuma a ɗakin wannan tsohuwa Murna ta girma. Da ta isa aure ta auri Daniel, mutum mai sanyin hali wanda ba ya musu da kowa, balle da ita. Shekarar da ta fara noma alkama ta ƙashin kanta ta sayi keke, baƙi, irin mai ƙarfin nan na da. Ita ce mace ta farko da ta hau keke a yankinmu. Aka yi ta dariya, aka yi ta tsegumi, ita kuwa sai ta ƙara da sayen ƙararrawa. Duk majalisar da ta san ana gulmarta, nan take ragewa ta kaɗa. Da keken ta kai 'yarta Godiya makaranta, da shi take ɗauko taki, da shi take zuwa coci ran Lahadi.

Sai na yi bayanin ruwa kafin a gane sauran. Ruwan da muke noman rani da shi daga madatsar ruwa ta Tiga yake tahowa, ya rarrabu har ya shigo ƙaramin layin da ya ratsa gonakinmu. Waɗanda ke kusa da ƙofar ruwa su ne 'yan kai. Mu da muke can ƙarshe, inda ruwa ke isowa a gajiye, mu ne 'yan wutsiya. Tun zamanin iyayenmu aka yi yarjejeniya: ranar da ruwa ya zama namu, Baba Dattijo mai gadin ƙofa zai ɗaga jar tuta. Muddin tana sama, kowane ɗan kai zai toshe bakin gonarsa ya bar ruwa ya wuce. Wanda ya buɗe alhali tuta na sama ɓarawon ruwa ne, kuma a idon kowa ya yi.

Matsalar ita ce bazara. Iskar lokacin ba ta da alƙibla. Ta taso daga gabas, kafin ka waiga ta koma kudu, ta dawo ta yamma. Sai tuta ta zaga sanda, ta sake zagawa, ta naɗe da igiyarta tam. Daga nesa sai ka ga sanda tsirara. Nan da nan 'yan kai za su bubbuɗe gonaki, in an yi magana su ce, "Mu ba mu ga tuta ba." Baba Dattijo ya tsufa da hawa sanda, sai dai ya yi ta zungura da gora. Kafin ya warware ta, ruwan ya shige gonakin wasu. Wata rana har samarinmu suka kusa dukan bawan Allahn, wai bai ɗaga ba.

Wannan rigimar ce ta sa aka kira taron ƙungiyar manoman layinmu a gindin mangwaro. Shugabanmu, Alhaji Mudassiru, ya ce tuta ta zama fitina, a sauke ta. Yanzu zamani ne na waya. Ranar ruwanmu zai riƙa kiran wakilinmu ya sanar da shi. Ba zan ce Alhaji mugu ba ne, yana da kyauta. Amma gonarsa ce ta farko bayan ƙofa, kuma shi ba ya ƙin nasa. Mu 'yan wutsiya duk mun gane inda aka dosa, muka sunkuyar da kai muna wasa da tsinke a ƙasa. Mata ba su saba magana a taron ba. Sai muka ji ƙararrawar keke, Murna ta jingine shi ta matso.

"Ranka ya daɗe, in ka kira waya, wa zai ga kiran?"

"Wanda na kira mana," in ji Alhaji.

"To ka ji. Ita tuta kowa ne ke ganinta, har wanda ba ya son gani."

Wani ɗan kai mai suna Baballe, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Yo Maman Godiya, ai iska ce ke naɗe ta. Ku ne masu iskoki a gida, sai ki je ki roƙe su su bari."

Aka kwashe da dariya. Ni kam raina ya ɓaci, don gori ne, kuma an yi shi ne don ta zauna. Murna ta yi shekara da shekaru tana zuwa coci, amma ba ta taɓa yarda a zagi kakarta ba. Ta dubi Baballe har dariyar ta mutu, sannan ta ce, "Na ji. Zan je in tambayo." Ta roƙi a bar tutar zuwa ruwanmu na gaba. Alhaji ya yarda, bisa sharaɗin in ta sake naɗewa a sauke ta har abada. Ya yarda ne don bai ga abin da mace mai fartanya za ta yi da iska ba.

Gaskiya da farko mu ma ba mu gani ba. Ta ɗinke tsakuwa a gefen tutar don ta yi nauyi. Iska ta wujijjiga ta, ta naɗe fiye da da, ɗinkin ya ɓalle, tsakuwa ɗaya ta fasa butar Baba Dattijo. Ta zura kara a bakin tutar na sama, karan ya karye kafin azahar. Ta sa aka yi mata zoben ƙarfe da zai riƙa zagaya sandar, ya yi ƙugi sau biyu ya cije. Duk gwajin da ta yi, 'yan kai na tsaye a gonakinsu suna kallo, Baballe yana tambaya ko iskokin sun yi tafiya ne. A lokacin kuwa shinkafarta ta fara rawaya, ƙasar ta tsattsage har hannu yana shiga. Tawa ma haka. In aka sauke tutar nan, mun san noman rani ya ƙare mana a wutsiya, sai dai mu koma ƙwadago a gonakin 'yan kai. Daniel ya ce ta haƙura, Allah na nan. Ta ce ta san yana nan, shi ya sa ba za ta haƙura ba.

Ana gobe ruwanmu na same ta a gindin sandar da tsakar rana, ta yar da keken a gefe, ta zuba wa tutar ido. Na zauna nesa kaɗan.

"Malam Musbahu," ta ce, "ka san Baballe bai yi ƙarya ba?"

Na ce, "Kamar yaya?"

"Na tuno kakata. In iska ta hau mutum, ba ta bari a riƙe shi. Cewa take a ja baya, a buɗe fili. Wanda aka danne shi ke jin ciwo. Ni duk wahalar nan danne tutar nake yi."

Na ce, "A'uzu billahi. Yanzu ni da ke maganar bori za mu zauna yi?"

"Yi ta a'uziyyarka, ni dai na samu amsa."

Ba ni take kallo ba. Keken take kallo, yana kwance, ƙafar gaba ta ɗago sama, iska tana juya ta a hankali ba ko ƙara.

A ranar ta tura shi har Kura wajen Taufiq mai walda, na bi ta a babur. Da ya gane nufinta ya ce kada ta lalata kekenta, ya zaro mata wata tsohuwar cibiyar ƙafar keke daga cikin tarkace. Ta juya ta da yatsa, ta ji tana gurzawa, ta miƙa masa abarsa. Ta ce ba za ta ɗora ruwan mutane a kan tsatsa ba. Nata boris ɗin, ƙwayoyin ƙarfen da ke sa cibiya juyawa, ta san shi, bai taɓa cije mata ba. Taufiq ya kwance ƙafar gaban, ya yanke wayoyin, ya bar cibiyar kaɗai. Lokacin da yake yankan ta juya baya tana kallon titi. Na ga ta share ido da bakin zani.

Da la'asar mu 'yan wutsiya muka tone sandar muka kwantar. Taufiq ya liƙa cibiyar a ƙoƙon kan sandar. Aka samo faffaɗan bututun roba irin na injin ban ruwa, aka zura wa sandar kamar hannun riga, aka rataye shi a jikin cibiyar. Zoben da igiya ke bi da wurin ɗaure ta duk a jikin bututun aka sa su. Ka ga ke nan in iska ta ja tuta, tuta da igiya da bututu za su juya tare, babu abin da zai zaga wani. Muka mayar da sandar muka dandaƙe gindin.

Washegari Baba Dattijo ya buɗe ƙofa ya ɗaga tuta. Iska ta zo da halinta. Ta buga daga gabas, tuta ta miƙe. Ta koma kudu, tuta ta bi ta. Wata 'yar guguwa ta taso ta zagaye sandar, tuta ta zagaya da ita ta dawo a buɗe. 'Yan kai suna tsaye da fartanyu a bakin gonakinsu, kowa yana jiran ta naɗe, ta ƙi. Babu wanda ya iya buɗewa. Ruwa ya wuce su a cike, ya iso wutsiya da ƙarfinsa. Murna ta tsaya a cikin gonarta ruwa yana hawa idon sawunta. Rabin shinkafar ya riga ya mutu, amma rabi ya tashi. Ni kam daɗi ya kama ni.

Mun ɗauka magana ta ƙare. Ashe Alhaji bai gama ba. Bayan kwanaki ya ce sanda ta ƙungiya ce, an taɓa ta ba da izini ba, don haka a tuge ta, a koma maganar waya. Ya zo da kansa, da Baballe da wasu majiya ƙarfi da diga. Labari ya iske Murna a gona, ta taho da ƙafa, mu muna biye.

"Ranka ya daɗe, sanda taku ce, ban musa ba," ta ce. "Amma abin da ke kanta ƙafar kekena ce. Daga Kura har Bunkure babu wanda bai san keken nan ba. Wanda ya taɓa, ran kasuwa zan bi rumfa rumfa ina nuna ɓarawon keke."

"To zo ki cire abinki," in ji Alhaji.

"Ban tashi ɗauka ba. Ajiya na ba Baba."

Duk aka juya ga Baba Dattijo. Tsohon da kullum ke rawar jiki in Alhaji ya yi tari ya miƙe tsaye, ya dafa sandar. "Haka ne, Alhaji. Amana ce a hannuna. Sai mai ita ta ce a ba ta."

Baballe ya dubi digar da ke hannunsa, ya ajiye. "Alhaji, ni dai a bar ni da sunan mai surutu. Ba za a kira ni ɓarawon keken mace ba." Sauran ma suka ja baya. Alhaji ya kaɗa babbar riga ya shiga mota, bai sake ta da zancen a taro ba. Amma bai manta ba, mu ma mun san bai manta ba.

Shi ya sa har yau keken yana jingine a zauren gidanta, gabansa a kan bulo. Daniel ya je Kano ya sayo mata sabuwar ƙafa don tausayi, ta rataye ta a ƙusa. Ta ce ranar da ta ɗaura sabuwa, ranar za a ce waccan ta saman ta zama ta ƙungiya, a tuge. Yanzu taki a ka take ɗauka, coci da ƙafa take zuwa, ga gwiwa ta fara damunta. Abin yana ci mini rai, don ruwan da ta tsare har da ni ke sha.

Kwanan baya na iske ta a bakin kanal, rana ta take, tana ɗingishi da buhu a ka. Na tsayar da babur na ce, "Maman Godiya, don Allah yau dai ki hau."

Ba ta ko rage tafiya ba.

"Wuce abinka, Malam Musbahu. Ina da keke." Ta nuna jar tutar da leɓe. "Yana wajen aiki."