Shekara Tara da Goyon Cikin Rabi

Shekara tara ke nan cif da rasuwar ƙanwata Rabi, kuma har yau ban yi mata kukan da mutane suke jira in yi ba. Ranar jana'iza ma ni ce mai cika wa baƙi butoci. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne 'yarta Usaina da nake riƙo. Duk inda ta faɗi sunanta sai an ce mata, "To ina Hassanar?" Ta gaji da cewa ta rasu. Yanzu so take ta san yadda aka yi, ni kuwa wata uku ke nan ina yi mata gobe jibi, don amsar ta biyo ta kaina.

Rabi a Kubwa take aure, ni ina koyarwa a wata firamare can bayan Zuba. Iyayenmu sun rasu tun tana ƙarama, saboda haka ni ce uwa, ni ce gida. Cikinta na fari ne. Da aka yi mata hoto aka ce tagwaye ne masu kama ɗaya, kuma mabiyiya ɗaya gare su. Likitar ta zana mata a bayan takarda: yara biyu, wurin cin abinci ɗaya, da jijiyoyin da suka haɗa su. Ta ce wani lokaci jini yakan riƙa tafiya daga ɗaya zuwa ɗaya, wannan ya cika har zuciyarsa ta gaji, ruwa ya yi masa yawa, wancan ya tsotse. Ido ba ya ganin haka, sai na'ura. Don haka duk sati biyu ta je a duba, ko da lafiyarta ƙalau. In kuwa cikin ya tashi farat ɗaya, ya ɗaure, numfashi ya yi mata wuya, kada ta jira ranar da aka rubuta.

Rabi ta ajiye mini takardar nan a cinya ba ta ce uffan ba, kunyar cikin fari. Na karanta tsaf. Kada wani ya ce jahilci ne, shekarata ashirin ina riƙe da alli. Dariya na yi, na ce, "Ke kuma kullum hoto, fasfo za a yi wa 'yan cikin?" Ni da na haifi biyar, sau ɗaya tak aka taɓa ɗora mini na'urar nan.

Da cikin ya doshi wata shida sai ya yi wani irin tashi cikin 'yan kwanaki. Na je na tarar da ita tana shara tana haki, na ce a'a, ba da ni ba. A al'ada sai wata bakwai ake ɗauko mai cikin fari goyon ciki, ta haihu a gida, ta yi wankan jego, amma na ce tunda tagwaye ne yau za mu tafi. Mijinta Isa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, jibi ne ranar komawarta wajen likita." Na ce, "Likitar ce za ta dafa mata ruwan wanka?" Wane suruki ne zai ja da uwar matarsa a kan cikin fari? Shi ya ɗauko mana jakarta har mota.

Damina ce, hanyar unguwarmu ta lalace, babur kaɗai ke shiga. Jibin ya wuce, na ce sati mai zuwa. Na cika ta da kankana da ayaba daga kasuwa, na hana ta ɗaga ko tsinke. Cikin yana sheƙi kamar an shafa masa mai, maƙwabta suna leƙowa suna cewa tubarkalla, waɗannan ƙattai ne. Ni kuma ina jin daɗi, wai riƙona ya karɓe ta. Ta daina iya kwanciya sai jingina da bango, na ce haka cikin tagwaye yake. Sau ɗaya ta ce, "Yaya, katin asibitina fa?" Na ce yana cikin akwatina, ba abin da zai same shi.

Wata Talata da hantsi faya ta fashe, ruwa kamar an kifar da tulu. A asibiti wata nas ta buɗe katin, ta dube mu, ta ce da Hausarta ta Abuja, "Madam, sati shida fa, me ya sa bai zo ba?" Isa ƙasa ya kalla, kuma har yau ban ji ya gaya wa kowa cewa ni na hana ba. Aka shiga da ita tiyata. Hassana aka fara cirowa, babba, a kumbure, babu rai. Usaina 'yar mitsitsiya, fara fat, aka ruga da ita kwalbar jarirai. Ita kuwa Rabi, ruwan ya buɗa mahaifarta har ta ƙi tsukewa, jini ya ƙi tsayawa. Kafin la'asar, Rabi ta cika. Da aka gaya mini ban ji komai ba, wallahi, tunanin inda na ajiye takalmanta nake yi.

Yanzu an zuba wa hanyarmu kwalta. Akwai wurin hoton ciki kusa da bakin titi, da ƙafa ma ana zuwa. Ina ganin matan unguwa da katinsu a hannu, wasu ni ce nake tura su, har sun sa mini suna Malama Sati Biyu. Da Rabi za ta gani, na san rufe baki za ta yi da mayafi tana dariya, ba za ta ce mini komai ba. Ba ta iya riƙon mutum a zuciya ba, kuma wannan ya fi yi mini nauyi. Mutane suna cewa ajali ne, na yarda, ban taɓa musu ba. Amma na san a akwatin wa katin yake.

Abin da ya rage na Rabi ba yawa: tafiyarta a jikin Usaina, da wushiryarta. Shirun ne kawai yarinyar ba ta gado ba, na kuma gode wa Allah da haka. Asabar ɗin da ta wuce ina yi mata kitso, tana zaune tsakanin gwiwoyina, na gaya mata komai, tun daga zanen likita. Ta ce, "Umma, to wa ya hana ta zuwa?" Na ce, "Ni ce." Can ta ce, "Da kin kai ta, da mu biyu kike yi wa kitso yanzu?" Na ce Allah ne masani, amma mai yiwuwa ne. Ba ta tashi ba, ba ta kuma waiwayo ba. Layi shida suka rage, na ƙarasa mata.