Ɗakin Kawuna a Makka

Ni na ɗauko mutumin da motata, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. A lokacin ina jan motar haya tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa, wani sa'in in tsallaka har Katsina. Ya shiga gaba ya biya kuɗin mutum biyu don kada a matse masa riga, ya cika mini mota da turare, ya ce in kai shi garinmu Madarunfa. Da na san abin da na ɗauko, da a tsakiyar daji na sauke shi.

Ya san lokacin zuwa, la'ananne. Bayan kaka ne, rumbuna sun cika, an sayar da gyaɗa da wake, kowa yana jin kansa wani ne. Ba magani ya kawo ba, ba taki ba. Ɗaki yake sayarwa a Makka. Wai wata ƙungiya ce ta gina bene kusa da Harami, in ka biya sau ɗaya ka zama ɗan ƙungiya, ɗakin naka ne kwana goman ƙarshe na kowane azumi, har jirgi suna biya maka a shekarar farko. In ka mutu 'ya'yanka su gada. Yana da ƙatuwar salula, yana nuna wa dattawa gado mai farin zane da taga, ta tagar kana hango masu ɗawafi. Na ga tsofaffi suna share hawaye a kan gilashin waya.

Mutanenmu ba wawaye ba ne a kan ƙasa. Je ka sayi gona a wajenmu ka gani. Sai an taka iyaka da ƙafa, daga wannan gamba zuwa waccan aduwa, da shaidu, da maƙwabtan gona, sai an tambaya ko akwai wani magaji da ya tafi ci-rani Najeriya bai sani ba. Mutumin da zai yi wata guda yana ciniki a kan akuya, shi ne ya karɓi takardar wannan baƙo da hannu biyu, don an rubuta ta da Larabci an buga mata hoton Ka'aba. Ba wanda ya yarda ya ajiye ta a ƙasa, balle ya tambayi wa ya sa mata hannu. Da na ce tun yaushe Larabawa suka fara raba wa manoman gero benaye, sai aka yo mini caa. Aka ce ɗan tasha ne, bakinsa ba tsarki.

Duk da haka halin gado bai bar su ba. Dattawa suka ce ba a sayen abin da ƙafa ba ta taka ba, sai mutum ɗaya ya biya ya je ya gano, in ya dawo ya ba da shaida, sauran su bi. Kafin a rufe baki kawuna ya miƙe.

Kawun nan ƙanen innata ne, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Mutum ne mai son a ce shi ne na farko. In an yi sabon abu a gari bai shiga ba, ba ya cin tuwo ranar. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu da gonarsa da ke kan hanyar garin Gabi, ya damƙa wa mai turare. Wannan bai dame ni ba, gonarsa ce, in ya so ya zuba ta a rijiya. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne Inna. Ta ce in ƙanenta ya dawo lafiya, za ta sayar da lambun bakin tabki ta shiga ita ma. Lambun nan mahaifina ya bari. Albasarsa da tumatirinsa ne suka ciyar da mu a shekarun da damina ta yi gardama. Muna da gado a ciki, ni da ƙannena mata, amma mun bar shi a hannunta, kuma ba ni ne zan kai uwata gaban alƙali ba.

Da azumi ya kai goma sha biyar kawu ya yi bankwana irin wadda ake yi. Gida gida ya bi yana neman gafara, har wanda suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Mata suka ba shi saƙon addu'o'i, mai neman haihuwa, mai ɗa a kurkuku. Aka raka shi tasha kamar ango. Mai turare ya ce jirgin daga Kano zai tashi, su haɗu a Katsina.

Kwana takwas bayan haka na shiga Katsina neman wani ƙarfen mota da na rasa a Maraɗi. Rana ta take, ga azumi, na zaga bayan shagunan masu kayan mota ina neman inuwa. Sai ga mutum a kan tabarma, ya ja hula har gira, yana jan carbi. Takalman na fara ganewa, don ni na sayo masa su.

Na tsaya a kansa na ce, "Kawu, nan ce Makkar?"

Bai ɗago ba. Da ƙyar labarin ya fito. Wai biza ce ta makara, wai bana ba za ta yiwu ba sai baɗi. Mai turare ya kama masa wani kango yana kwana, ya ce masa in ya koma gida haka, ƙungiya za ta soke sunansa kuɗinsa su bi ruwa. In kuwa ya yi shiru ya koma bayan Salla ya ce ya je ya gani, baɗi shi ne shugaban tafiya. Har dabino ya yi alkawarin kawo masa, da jarka ta ruwa da za a ce Zamzam ne.

Na ce ya tashi mu tafi gida, ga mota. Ya riƙe mini bakin riga.

"Da wane ido? Na nemi gahwara ga kowa, an raka ni. Ka ruhwa mini asiri, ɗana. Wallahi in anka sani, mutuwa ta hi mini."

Tausayi ya so ya kama ni, na kore shi. Na ce zan yi shiru da sharaɗi ɗaya, in ya koma ya hana Inna sayar da lambu, ko da wace ƙarya ce, tunda ya iya. Ya rantse. Na bar masa kuɗin buɗe baki na juya, ina tafe ina zagin mai turare da duk wanda ya koya masa karatu.

Kwana uku bayan Salla kawu ya sauka da rawani da jarka. Gari ya ɗauka. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, ana ba kowa dabino biyu da kurɓin ruwa a ƙaramin kofi, mutane suna shafawa a fuska. Ranar farko muryarsa tana rawa. Rana ta biyu ta daina. Zuwa ta uku ya san yawan matakalar benen, ya san sunan mai gadi, har yana cewa sanyin na'urar ɗakin ya sa masa mura. Ina tsaye a gefe ina kallonsa, shi kuma ya ƙi yarda mu haɗa ido. Na same shi a bayan masallaci na tuna masa rantsuwarsa, ya ce in yi haƙuri yana neman lokacin da ya dace. Washegari na ji Inna ta aika wa wani dillalin albasa ya zo ranar Asabar a taka iyakar lambu. Mai turare kuma an ce zai dawo sati mai zuwa ya rubuta sababbin 'yan ƙungiya, mutum wajen goma sun fara neman mai sayen shanunsu.

Ranar Juma'a bayan la'asar, ƙofar gidan cike, na ratsa mutane na tsaya a gabansa. Ban yi sallama ba. Na ce ya ɗauko fasfonsa ya nuna wa jama'a hatimin ƙasar da ya je. Wani dattijo ya ce in ji tsoron Allah. Na ce shi nake ji, na faɗi ranar da na gan shi, da shagon da yake bayansa, da inda aka sayo dabinon da suke tauna. Ban rage komai ba, har riƙe mini riga da ya yi sai da na faɗa, kuma wannan bai zama dole ba, zuciya ce ta ɗebe ni.

Kawu bai musa ba. Ya dubi kofin da ke hannunsa, ya ajiye shi a kan tabarma, ya tashi ya shige gida. Mutane suka watse ɗaya ɗaya, ba wanda ya ce mini sannu. Mai turare bai sake takowa ba, akwai wanda ya kai masa labari, kuma lambar wayarsa ta daina shiga daga ranar. An kai ƙara wajen jandarma, suka rubuta, shi ke nan. Kafin damina kawu ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Najeriya. An ce yana gadi a wata kasuwa.

Dillalin albasa bai zo ba. Ranar Asabar ɗin na je lambu na tarar da Inna tana cire ciyawa ita kaɗai. Na durƙusa na gaishe ta, ina jira ta ce Allah ya yi maka albarka. Ta ci gaba da cire ciyawarta, ta ce:

"Kai kana tsammani ban san ƙaryar yaron da na goya ba? Tun da ya sauka mota na gani ga idonai."

Na ce to don me ta kira dillali.

"In ba kawunka kuɗɗin ya tahi baɗi da gaske, ta hanyar kirki, ya dawo ba wanda ya sani. Ba baƙonka zan ba ba."

Na ce lambun ubana ne, ba zan bari a wanke ƙaryar wani da shi ba. Har yau haka nake gani, kuma in an mayar da ni ranar nan zan sake faɗa. Ta ce to ga lambun ubana nan. Ta kakkaɓe hannu, ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanyar gida.

Shekara biyar ke nan ni nake nomansa, na bar mota. Albasa tana yi sosai. Duk girbi ina kai mata buhun farko har ƙofar ɗaki, ta yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo, ta sa a rabar wa maƙwabta. Ba ta sake taka lambun ba, kuma ko ɗaya ba ta taɓa sawa a miyarta ba.