Amyar da Na Ɗauko daga Ejura

Mun tashi daga unguwarmu ta Ayigya bayan sallar asuba, ni da ƙanen matata, muka nufi tashar mota ta Kejetiya. Ƙudan zuma ne suka fitar da ni daga gida. Tun bara na rataye amya biyu a bishiyar mangwaron bayan gidanmu, na shafe su da kashin shanu, na turara su kamar yadda na ga manya suna yi ina yaro. Babu abin da ya shiga sai ƙadangaru. Har masu sayar da shanu da muke zama tare a ƙofar masallaci suka sa mini suna Sarkin Zuma. Da wani mai fataucin doya ya ce akwai tsoho a Ejura mai ba da amya da ƙudanta a ciki, sai na shirya.

Motar katako muka samu, mai benci. Rubutun da ke goshinta na karanta shi harafi harafi yadda aka koya mana a ajin yamma, amma Twi ne, yaren 'yan ƙasar, ban fahimci komai ba. Hanya ta ratsa gonakin koko har Mampong, inda muka sha koko da ƙosai, na toro ɗaya, wato kwabo uku, ya ƙosar da mu duka biyu. Daga nan mota ta gangara dutse tana lanƙwasa, kowa ya kama addu'a da harshensa. A ƙasa daji ya buɗe, ga kaɗanya da ɗorawa, ga kunyoyin doya iya ganin ido.

A Ejura tsohon ya karɓe mu da tuwon masara da miyar kuka, muka kwana a zaurensa. Da gari ya waye, kafin ƙudan su fita kiwo, ya ɗaure bakin wata amya ta ciyawa da sassauƙan ƙyalle, ya sa ta cikin buhu. Ya ce, “Ɗana, waɗannan sababbin shiga ne, ba su tara komai ba tukuna. Baƙi ne za ka saukar. In ba ka ciyar da su ba, za su tashi.” Ya nuna mini yadda ake dama sukari da ruwa a kasko marar zurfi, a shimfiɗa tsinke a kai don su tsaya su sha kada su nutse. Ya ce in zuba toka a gindin bishiya saboda tururuwa. Sannan ya ja kunnena: a hanya kada rana ta dafa su.

A dawowa direba ya ɗora buhun a kan mota tare da doya. Ya tambayi abin da ke ciki, ƙanen matata ya yi sauri ya ce kayan gona ne. Muna tsakiyar hawan dutsen Mampong, rana tsaka, mota ta fara tururi ta tsaya. Aka kwashe duk ruwan da ke motar aka ba inji, inji ya shanye, direba ya tafi neman rafi. Na hau na kara kunnena a buhu. Da safe suna gunji kamar tukunya na tafasa, yanzu kuwa da ƙyar nake jin motsi. Buhun ya yi zafi kamar an sauke shi daga murhu.

Na sauko da shi a rungume. Wata Ba'asantiya mai fataucin doya, wadda Hausarta ta Zango, unguwar Hausawa, ce sosai, ta ce, “Papa, mene ne wannan kake lallaɓawa kamar jariri?” Na ce ƙudan zuma ne. Kafin in rufe baki fasinjoji sun watse cikin ciyawa, wani ya bar takalminsa ɗaya a titi. Ita ba ta gudu ba. Ta ce, “Tun Ejura muke zaune da mutuwa a kanmu, kai kana ta jan carbi!” Tana faɗa tana yanko ganyen ayaba, ta lulluɓe buhun a inuwa. Ruwan da ya rage shi ne na butata, na alwala. Na yayyafa shi a kan buhun har ya ƙare, na yi taimama na yi azahar. Ina sallamewa na sake kara kunne. Gunjin ya dawo, a hankali. Matar ta kara nata kunnen, ta ce in zuma ta fito kasonta kwalba guda, ta gaya mini rumfarta a kasuwa.

Sauran hanyar a cinyata amyar ta zauna, benci guda ni kaɗai, ban taɓa tafiya da sarari irin wannan ba. Mun iso gida dab da magariba. Na rataye ta a mangwaro, na zuba toka, na ajiye kaskon sukari, na kwance ƙyallen na ja da baya.

Hankalina bai kwanta nan da nan ba. Tsohon ya ce alamar sun zauna ita ce in gan su suna shiga da garin fure a ƙafafunsu. Kullum da safe ina tsugune daga nesa, suna shan sukarina, suna kewaya bishiyar kamar masu shawara. Matata ta ce shayinta ya koma salam saboda baƙina. Shekaranjiya ita ce ta ƙwala mini kira daga wajen shanya: “Maigida, zo ka ga baƙinka sun yi ƙunshi!” Na je. Ga su nan suna shiga ɗaya bayan ɗaya, ƙafafu rawaya fes. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, rataye amya ba shi ne kiwon zuma ba. Sai ka ba su inuwa da ruwa da abinci tukuna, ka jira, kafin su ba ka komai. Jiya a ƙofar masallaci an sake kirana Sarkin Zuma, na amsa da ƙarfi. Kwalbar matar nan mai doya kuwa na wanke ta na kife.