Dakta Ilyasu da buhunan waken gidanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina tsugune a gona ina ciro ciyawa wani abokin karatuna ya bugo mini cewa Dakta Ilyasu, malamin da ya duba aikina na kammala digiri, ya rasu.

Na kaɗu matuƙa. Amma da na samu natsuwa, hamdala ce ta fara fita daga bakina, kuma zan faɗi dalili.

Aikina a kan lissafin yadda iska da tururi ke ratsa jikin leda ne. Ido yana ganin leda a toshe, alhali iska na silalewa ta cikinta sannu a hankali, gwargwadon kaurinta da zafin wurin. Na ƙudurta cewa wannan ilimi zai ceci waken mahaifina a ƙauyenmu na yankin Tofa, domin idan iska ta ƙare a buhu, ƙwari mutuwa suke.

Shekarar ta zo da tsanani. Buhu biyar muka samu, su ne abinci, su ne iri.

Na kai wa Dakta sakamakon da kwamfuta ta fitar, cike da alfahari, na ce na tabbatar da hujja ta ilimi cewa leda ɗaya mai kauri ta wadatar har damina. Ya duba, ya gyara tabarau.

"Farfesa," haka yake tsokanata, "idan maƙwabciya ta yi sallama ta ce ba a ɗora tukunya ba, me Baba yake yi?"

Na ce kwance buhu yake ya auna mata.

"To, lissafinka bai san Babanka ba. Duk kwancewa ɗaya iska ta koma, ƙwari sun farfaɗo, kai kuma ka koma sifiri."

Ya ce a ware buhu ɗaya na maƙwabta. Sauran a yi musu leda biyu, kowace da ɗaurinta, a nisanta su da zafin rufin kwano, kada kowa ya taɓa.

Na ce masa wannan al'ada ce, ba kimiyya ba. A gaban ɗalibai na faɗa. Duk da haka, washegari shi ya biya mini kuɗin buga takardun aikin. Ni kuwa na ɗauke ƙafa wata bakwai.

Da na labarta wa Baba, ina jiran ya goyi bayana, sai ya ce, "Malamin nan manomi ne, ko?" Ya ɗaure uku yadda Dakta ya ce, ya ware na maƙwabta, ya bar mini ɗaya in yi bokona a kai. Da na maƙwabta ya ƙare, nawa ya riƙa kwancewa.

Ruwan farko muka buɗe. Nawa ya zama gari da ɓawo. Da addu'a na kwance na farko cikin ukun, domin idan shi ma ya lalace, ba mu da abin shukawa.

Fari tas, ko huda babu.

Juma'ar da ta wuce na auni tiya ɗaya na waken na tafi gidan Dakta a Bacirawa. Matarsa Hajiya ta shigar da ni, na same shi kwance, ya rame ƙwarai. Na durƙusa na nemi gafara. Ya damƙi waken, ya ciji ƙwaya ɗaya, ya yi dariya har da tari.

"Tashi, Farfesa. Lissafinka daidai yake, mutane ka manta. Ka ce wa Hajiya ta yi mana alala."

Tare muka ci. Shi loma biyu ya iya.

Da na ƙara mako guda, da kabari zan kai wa uzurina.

Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata makwancinsa, Ya sa duk wanda ya ci daga gonar nan ya zame masa lada. Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ina roƙon ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku.