Waƙar da Na Nema a Sabuwar Waya

Tsulum! Wayata ce ta faɗa bokitin da na jiƙa rogo. Allah ya kiyaye, memori bai lalace ba. Amma da na sa shi a sabuwa, sunayen da na raɗa wa waƙoƙina duk suka ɓace, sai lambobi. Da akwai "ta wanki", akwai "ta hanyar Obi", akwai wadda marigayiya mahaifiyata take bi tana tankaɗe. Wannan ta ƙarshen nake nema.

Kwana uku ina sakin su ɗaya bayan ɗaya ina aikina. Ina shanya a waje, autata ta fito da gudu.

"Mama, zo maza! Ga waƙar nan da in ta zo kike daina magana."