Bashin Wutar Gidan da Na Bari

Saura sati biyar matata da 'ya'yanmu biyu su iso daga Kano na samu gida mai ɗaki biyu kusa da Fordham Road. Na cike fom, ejan ɗin gidan ta ce in dawo Litinin. Da na dawo ko kujera ba ta nuna min ba. Ta juyo min da kwamfuta, ta ɗora yatsa kan wani layi. Wai rahoton kiredit ɗina, wanda masu gida ke dubawa kafin su ba mutum haya, ya nuna na ƙi biyan kuɗin wuta.

Na karanta adireshin sau biyu. Tsohon gidanmu ne na Morris Heights, wanda na bari shekara uku da suka wuce.

"Idan ka goge bashin cikin sati biyu, gidan naka ne," in ji ta.

A cikin tasin da nake tuƙawa na kira kamfanin wutar. Na fi minti arba'in ina sauraron kiɗa, fasinjoji na ɗaga hannu ina wuce su. Matar da ta ɗauka ta ce ba a taɓa rufe asusun ba, wata bakwai wuta na ci da sunana.

Nan na tuna. Lokacin da zan tashi, abokin zamana, wani ɗan Maraɗi mai sayar da jakunkuna a bakin titi, ya roƙe ni in bar masa wutar da sunana wata biyu, tunda ba shi da takardun zama a ƙasar. Ya ce zai kira a rufe idan zai fita.

Na same shi bayan la'asar a ƙofar masallaci a Tremont.

"Wallahi Yaya na kira su," ya ce. "Turancin ne ya gagare ni, na ɗauka an gama."

"Ka ɗauka? Iyalina suna hanya!"

Ya sunkuyar da kai.

Dama matar kamfanin ta faɗa min hanya biyu. Ko in ce wani ya yi amfani da sunana ba da izinina ba, in kawo rahoton 'yan sanda, ko in kawo shaidar ranar da gidan ya zama ba kowa, in jira kwana talatin. Kwana biyu na yi da fom ɗin hanyar farko a aljihu. Na san abin da sunansa a hannun 'yan sanda zai jawo masa, kuma ni da bakina na ba shi izini. Na yaga shi.

Tare muka je wajen tsohon mai gidan. Sau uku muna zuwa kafin ya rubuta cewa an mayar masa da makulli tun watan Maris, wata biyu da tashina, wasu suka shiga bayanmu. Abokina ya biya kuɗin wata biyun da ya sha. Na tura wa kamfanin komai ta gidan waya, kullum ina duba akwatin wasiƙa.

Gidan Fordham ya wuce ni. Iyalina suka sauka a ɗakina guda, yara a ƙasa kan katifa. Kwana tara da isowarsu wasiƙar ta zo: an cire bashin. Matata ta tambaye ni me aka rubuta, na karanta mata a tsaye, ban ko cire takalmi ba.